Yaron Da Bai Kashe Maciji Ba: Dorugu A Inuwar Bayajidda

A ƙasar Hausa, idan za a ba da labarin mutumin da ya ga abin da ba kowa ke gani ba, akwai mudun da ake auna shi da shi, kuma a Daura aka sassaƙa mudun nan. Baƙo ne zai taso daga nesa, ya sha wuya a hanya, ya iso gari ya tarar da matsalar da ta gagari kowa, ya kawar da ita cikin dare ɗaya, gari ya waye a ba shi sarauta. Bayajidda ke nan. Ya baro Bagadaza, ya zauna Borno ya auri 'yar Mai, ya gudu da ita da ya ga ana ƙulla masa makirci, ya bar ta da ciki a Garun Gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya sauka Daura da dare a gidan tsohuwa Ayana. Ya nemi ruwa aka ce babu, domin maciji ya hana ɗiba a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a. Sauran kowa ya sani: kan maciji, auren Daurama, haihuwar Bawo, da Hausa Bakwai.

Masana tarihi irin su Abdullahi Smith sun daɗe da nuna cewa labarin ya fi kama da takardar zumunci tsakanin masarautu fiye da rahoton abin da ya faru a wani dare. Wannan muhawara tasu ce. Ni abin da ke damuna a matsayin mai karanta labari shi ne, tun daga Bagadaza har fadar Daurama ba mu taɓa jin abin da ke cikin zuciyar mutumin nan ba. Da ya juya wa matarsa baya a Garun Gabas, ya waiwaya? Da gugarsa ta yi nauyi a cikin duhu, hannunsa ya yi rawa? Labarin ya wuce baki dubu kafin ya iso mu, ya zama kamar hoton da aka yi ta turawa a WhatsApp: kowane turi yana matse shi, har a ƙarshe siffar mutum kawai ta rage, fuska ta goge.

Ba laifin labarin ba ne, aikinsa daban. Matsalar ita ce mun mayar da shi samfurin rubuta tarihin mutane na gaske. Ɗauki kusan kowane littafin “tarihin rayuwar wane” da ake ƙaddamarwa a babban ɗakin taro, attajirai na sayen kwafi ɗaya da miliyoyi. An haife shi cikin rashi, tun yana yaro malamai suka ga alama, ya fita neman ilimi, ya dawo ya kashe macijinsa, an naɗa shi. Ko a kan ɗan Daura da duniya ta fi sani a zamaninmu haka aka yi. Muhammadu Buhari ya yi rayuwar da ba kasafai ake samun irinta ba: ya hau mulki a ƙarshen Disambar 1983, aka kifar da shi a Agustan 1985, aka tsare shi har Disambar 1988, ya faɗi zaɓe sau uku, ya tsallake harin bam a Kaduna a 2014, ya ci zaɓe a 2015, har ta kai shi ga fitowa a 2018 yana rantse wa duniya cewa shi ne shi, ba wani aka sauya ba. Da ya rasu a Landan ranar 13 ga Yulin 2025 aka kawo shi Daura aka binne, masoya suka rubuta shi a matsayin wanda ya zo kashe maciji, masu suka kuma suka rubuta shi a matsayin wanda ya tarar da maciji ya bar shi. Duk mudu ɗaya ne. Wata arba'in na tsare, yadda mutum ke cika yini a ɗaki guda bayan ya riƙe ƙasa, yadda ya ji labarin rasuwar mahaifiyarsa, wannan ya tafi da shi, don bai bar mana littafi da bakinsa ba.

Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da za mu koma ga wani ɗan ƙaramin rubutu da yaro ɗan shekara goma sha shida ko sha bakwai ya faɗa da Hausa a Ingila, wajen 1856. Sunansa Dorugu.

Idan ka fita Daura ta arewa, ka tsallaka iyaka a Kongolam ka nufi Matamai a kan hanyar Damagaram, kana cikin ƙasar da ya fito. An haife shi wajen 1840 a ƙauyen Dambanas kusa da Kance, a Jamhuriyar Nijar ta yau, lokacin da babu layin da Turawa suka ja tsakanin dangin Daura na nan da na can. Zamanin kuwa na rashin kwanciyar hankali ne. Tun 1805 jihadi ya fitar da Sarkin Gwari Abdu daga birnin Daura, gidan sarautar ya rabu, Damagaram na ƙara ƙarfi a ƙarƙashin inuwar Borno, ƙananan ƙauyuka kuma su ne ciyawar da giwaye ke takawa. Uban Dorugu manomi ne kuma makaɗi. An kama yaron yana da shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, aka kai shi Zinder, daga hannu zuwa hannu har Kukawa. A can ya shiga hidimar wani Bajamushe, Adolf Overweg, wanda mutane ke kira Tabib, shi ne ya fanshe shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Overweg ya mutu a bakin Tafkin Chadi a Satumbar 1852, sai abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wato Abdulkarim, ya ɗauki yaran biyu.

Daga nan fa tafiya ta miƙe. Zinder, Katsina, Wurno inda Sarkin Musulmi Aliyu Babba yake, Gwandu, tsallaka Kwara a Say, har Tambutu a Satumbar 1853, inda suka yi wata da watanni rayuwarsu na hannun Shehu Ahmad al-Bakkay. Suka juyo Kukawa, suka keta Sahara zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa ta Malta zuwa Faransa, suka hau jirgin ƙasa, suka isa Landan a Satumbar 1855. Daga baya Barth ya kai su Jamus wurin danginsa. Yaron da aka fizge daga gonar ubansa, cikin shekara huɗu ko biyar, ya taka Tambutu da Landan da Hambug. A Hausawan zamaninsa da wuya a sami na biyunsa.

Barth ya rubuta tafiyar nan cikin manyan littattafai biyar da suka fito a 1857 da 1858, har da zanen Dorugu da Abbega a ciki. Dorugu kuwa ya faɗi nasa ga wani limamin mishan, James Frederick Schön, wanda ya rubuta shi da Hausa kamar yadda ya ji, ya buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da fassarar Turanci mai sharhi cikin West African Travels and Adventures, suka haɗa shi da labarin Maimaina na Jega, jikan Abbega.

Abu na farko da zai ba mai karatun yau mamaki shi ne yadda muryar take kwance. Babu shimfiɗa, babu kirari. Jimlolin gajeru ne, an jera su kamar raƙuman ayari: an tashi, an yi tafiya, an sauka, an sami ruwa ko ba a samu ba. Ranar da aka sayar da shi da ranar da ya fara ganin teku kusan da ma'auni ɗaya ya ba da su. Wani zai ce ai rashin gwaninta ne, yaro ne. Ban yarda ba. Duk wanda ya taɓa zama da mutumin da ya dawo daga hannun masu garkuwa, kuma a Jihar Katsina ta yau irin waɗannan mutane ba su da wuyar samu, ya san cewa da haka suke magana. Ba sa farawa da “na shiga tashin hankali mara misaltuwa”. Za su ce maka an ba su tuwo babu miya, an ɗaure su da wane, takalminsu ya tsinke a rana ta biyu. Abin da ya fi ƙarfin baki, ta ƙananan abubuwa yake fitowa. Dorugu ya san wannan shekara ɗari da saba'in da suka wuce, marubutanmu da yawa har yau ba su sani ba. A littattafanmu na zamani, da zarar bala'i ya sami jaruma sai a ba mu shafi uku na hawaye da bugun zuciya, mu fito ba mu san ko da launin ɗakin da aka kulle ta ba.

Abu na biyu, kuma shi ne ya fi ba ni daɗi, Dorugu ba shi ne jarumin labarinsa ba, bai kuma yi ƙoƙarin zama ba. A Tambutu manya na ta ƙulle-ƙulle kan ko a kashe Nasaran nan ko a bar shi, a Gwandu Barth na can yana kwafar Tarihin Sudan, shi kuwa yaron yana wajen raƙuma da kaya da girki. Daga wannan kusurwa ta ƙasa muke kallon babbar tafiya, kuma daga nan ne ake ganin abin da shugaban ayari ba ya gani: yunwa, gajiya, wa ya yi wa wa faɗa, wa ya yi kirki. A labarin Bayajidda wannan ce mazaunin Ayana, tsohuwar da ta ba da guga, wadda ita kaɗai ta san baƙon kafin ya zama suna, amma ba wanda ya tambaye ta yadda ta kwana a daren. Labarin Dorugu kamar a ce an miƙa wa Ayana magana ne.

Sai ya isa Turai, labarin ya juye. Shekara da shekaru Barth na kallon mutanenmu yana rubutawa: ga yadda suke ci, ga yadda suke ado. Yanzu Bahaushe ne ke kallon Bature da ido ɗaya da wancan. Ya kwatanta yadda Ingilishi ke zaman cin abinci, tsarin shiga da na zama da yawan kayan tebur, kamar mai bayyana wata al'ada ta mutanen bayan dutse. Ya lura da shan tabar Jamusawa. Ya faɗi sanyi, ya faɗi yadda ake taruwa ana kallonsu. Bai rusuna ba, bai kuma yi izgili ba, mamakinsa na mai hankali ne da ya ga cewa kowace ƙasa da irin haukarta. Wanda ya karanta labaran tafiye-tafiyen da manyanmu suka rubuta bayan an fara kai su Ingila a zamanin mulkin mallaka zai ga bambanci. Su baƙin gwamnati ne, an tsara musu abin da za su gani, sun san wanda zai karanta. Dorugu ya riga mulkin mallaka da kusan shekara hamsin, bai san Bature a matsayin mai mulki ba. Ya san shi a matsayin mutumin da zazzaɓi ke kayarwa, wanda ke neman izinin sarki kafin ya wuce, wanda wani lokaci ba shi da ko kuɗin guzuri.

Kwatanta shi da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga littattafan gasar 1933, yana da amfani, don hanyarsu kusan ɗaya ce. Shi ma Umar an sace shi yana yaro, an keta Sahara da shi, kuma abin dariya, mutumin da ya ɗauke shi shi ma Abdulkarim ne sunansa. Littafin Ɓalewa ya fi tsari nesa ba kusa ba, kuma labarin uwar Umar, wadda ta fita nemansa ta faɗa bauta, ta mutu jim kaɗan bayan sun haɗu, yana cikin abubuwa mafi ciwo da aka rubuta da Hausa. Amma Umar dattijo ne malami yake ba da labarinsa ga almajirai, ya riga ya san inda hanya ta ɓulle. Duk wuyar da ya sha ta zama tsani zuwa shaihuntaka, wato shi ma a ƙarshe an ba shi tasa sarautar. Dorugu yana magana ne daga tsakiyar kogi. Bai san ko zai koma gida ba, bai san ko abin da ya same shi alheri ne ko hasara ba, saboda haka bai ɗora wa kowace aukuwa ma'ana ba. Wannan rashin sanin ƙarshe shi ne abin da ƙagaggen labari ya fi wahalar kwaikwaya.

To amma kada a ɗauka rubutun tsarkakakke ne. Akwai mutum na biyu a ɗakin, kuma alƙalami a hannunsa yake. Schön bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ya bi tawagar Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya tsinci Hausarsa a bakin 'yantattun bayi a Saliyo. Abin da yake nema wurin Dorugu shi ne harshe: kalmomi da jimloli na nahawu da ƙamus da fassarar Linjila. Yaron kuma a gidansa yake ci yake kwana, a ƙasar da ba shi da kowa, har daga baya aka yi masa baftisma da sunan James Henry. Wanda ke cin tuwon mutum ba ya faɗin duk abin da ke ransa. Don haka idan ka ga Turawan labarin sun fito da haske fiye da sauran, ko ka ji an taɓa addini da wata murya da ba ta yi kama da ta sauran shafukan ba, ka tuna wa ke saurare. Kwanciyar muryar da na yaba a sama ma, wani kasonta na iya zama na mai yin magana a hankali don Bature ya samu ya rubuta. Ina ganin duka biyun gaskiya ne, kuma mai karatu na gari zai riƙe su tare.

Sakamakon aikin ma ya nuna yadda rabon yake. Schön ya fitar da nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, Faransawa suka ba shi lambar Volney, Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Bakin da aka ɗebi Hausar daga gare shi ya koma Afirka a 1864 ya ci gaba da aikin tafinta. Irin wannan rabo bai ƙare da ƙarni na 19 ba. Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarin rayuwarta da Hausa a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, duniya ta karanta shi da Turanci a 1954, Hausar kuwa sai bayan shekaru masu yawa ta ga rana. Mijin Mary ɗin, M. G. Smith, shi ne ya rubuta The Affairs of Daura a 1978, littafin da har yau duk mai binciken sarautar Daura sai ya bi ta kansa, kuma Daurawa nawa ne suka taɓa riƙe shi?

Nan ne sana'ata ta rubuta manhaja ke sa ni ƙaiƙayi. Magana Hausa ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, hotunan shafukansa na nan a intanet kyauta. Amma buɗe shi a waya ka gani. Schön ya yi amfani da haruffan Lepsius, masu ɗigo da alamu a kan baƙaƙe, inda muke rubuta c da j da sh shi wasu haɗe-haɗe yake yi. Mafi muni, kunnensa bai raba k da ƙ ba, ko d da ɗ, ko b da ɓ. A shafinsa baki da baƙi abu ɗaya ne, kafa da ƙafa ma haka. Manhajar da ke mayar da hoton rubutu zuwa haruffa, da ta ci karo da wannan sai ta zubo shara. Sakamakon shi ne ɗaya daga cikin tsofaffin dogayen labaran zube da Bahaushe ya faɗa aka rubuta da boko, ɗalibi a Amurka ya fi ɗalibi a Daura ko Zinder sauƙin karanta shi, domin shi yana da fassarar 1971 a laburarensa.

Maganin a bayyane yake: a sake buga shi da rubutun yau, a sa shi inda waya za ta buɗe. Aikin bai fi ƙarfin mutum uku masu haƙuri ba. Tsorona shi ne wanda zai yi aikin ya ɗauki kansa malamin makaranta da jan biro. Hausar Dorugu ta arewacin Daura ce ta wajen 1850, wadda ta yi shekaru tana gogayya da Barebari da Larabawa a hanya, sannan ta bi ta kunnen Bajamushe. Idan aka “gyara” ta ta koma daidaitacciyar Hausar Kano ta littafin firamare, an sake yi masa abin da aka yi wa Bayajidda, an matse hoton har fuska ta goge. An riga an taɓa sa hannu sau ɗaya, lokacin da Charles Robinson ya sake tace littafin a 1906. Abin da ya dace shi ne a ajiye rubutun Schön yadda yake a gefe guda, sabon rubutu a ɗaya gefen, duk inda aka canja harafi a bar alama, yadda mu masu manhaja ke ajiye tarihin kowane gyara don wanda ya zo baya ya iya komawa ga asali. Sannan a kai shi Kance da Matamai da Zango da Ɓaure a karanta wa tsofaffi, domin akwai kalmomin da ƙamus zai ce kuskuren Schön ne, tsohuwa a can ta ce haka kakarta ke faɗi.

Akwai kuma jarabar da ta fi wannan, ta masu fim da marubuta. Ranar da Kannywood ko wani marubucin intanet ya gano Dorugu, na san abin da zai faru. Za a ba shi budurwa a Dambanas da zai dawo ya tarar, za a sa ya ceci Barth daga takobin wani a Tambutu, za a sa ya tsaya gaban Sarauniyar Ingila ya yi jawabi. Za a nemo masa maciji ko ta halin ƙaƙa. Alhali abin da ya sa labarinsa ya fi ƙarfin mantuwa shi ne babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. An kama shi bai yi laifi ba, an 'yanta shi bai yi wata bajinta ba, an zagaya duniya da shi ba a tambaye shi ko yana so ba. Bajintarsa guda ce, idonsa a buɗe yake duk tsawon hanya, kuma da aka ce ya faɗa, ya iya faɗa.

Labarin da ya ba Schön ya tsaya ne a Turai, yana saurayi. Bayan nan ya rayu fiye da shekara hamsin, ya ga Turawan da ya sani suna roƙon izinin wucewa sun dawo da bindiga mai ruwa sun ci Kano a 1903, ya ga an mayar da gidan Haɓe kan gadon Daura a 1906, ya ga ƙauyensu ya faɗa rabon Faransa. A ƙarshen rayuwarsa yana Nasarawa a Kano, a makarantar da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a 1909, yana koya wa ɗalibai rubuta Hausa da boko. A can ya rasu a 1912, shekarar da Vischer ya buga ƙa'idojinsa na rubutun Hausa.